Littafin da Babu Amshi

Yana maɗaba'a, riƙe da kwafin farko na littafin da ya tattara waƙoƙin amininsa a ciki, aka bugo masa waya cewa mawaƙin ya rasu.

Sai bayan mako biyu ya iya kai wa ƙanwar marigayin littafin. Ita ce take yi wa yayan nata amshi. Ya same ta a ɗakin marigayin tana naɗe wayoyin lasifika. Ya miƙa mata littafin.

"Yayanki ya ce zai yi miki maganata. Tunda babu shi, bari na faɗa da kaina. Aurenki nake so."

Ba ta ɗago ba. Ta yi ta buɗa shafuka, yatsanta na bin layi, har ta kai ƙarshe.

"Malam marubuci, ina amshin?"

"Na cire. Na ga abu ɗaya ake ta maimaitawa."

Ta shafa hoton yayanta a bangon littafin, ta mayar masa. Sai a lokacin ta dube shi.

"Shekara shida kana zaune gabanmu da biro. Ashe shi kaɗai ka ji."

"Wallahi zan sake bugawa."

"Bar shi haka. Wa kuma zan yi wa amshi yanzu?"