Ruwa Ya Yi Gyara

"Umma, su ma agwagi ana gayyatarsu biki?"

Aziza ce, 'yar shekara biyar, ta jefa wa mahaifiyarta Harira wannan tambaya. Harira ta leƙo daga madafa. Fararen agwaginta da suka fita da safe ga su sun dawo a jere, kowace ta rine ruwan hoda daga wuya har wutsiya.

"Anko suka yi," in ji maƙwabciyarta Asabe ta kan katanga. "Saura ɗaurin kai." Suka bushe da dariya.

Gidan su Harira a Katabu yake, daf da bayan wata masana'antar tufafi da ake rini da ɗinki, daga rigunan 'yan makaranta har yadin anko. Ruwan rinin ta wani bututu yake fita, ya bi kwata, ya ratsa ta gefen katangarsu, inda rijiyar gidan take.

Matan layin sun mai da kwatar nan gidan rediyo. In ta yi kore, an kusa komawa makaranta. In ta yi ja, wani mai kuɗi zai aurar da 'yarsa. Asabe kam ba ta zaɓen launin kayan Sallah sai ta leƙa kwata ta ga abin da ake yayi.

Rilwanu, mijin Harira, shi ne bai ga abin dariya ba.

"Maman Aziza, ruwan rijiyar nan fa ya fara ɗaci."

"Kai dai bakinka ne, tun da ka yi zazzaɓin nan."

"Farar jallabiyata da kika wanke fa? Na shiga masallaci ana tambayata inda na sayi shuɗiya."

"To ka ce musu kyauta ce. Mutane kuɗi suke biya a rina musu."

Gaskiyar magana, Harira ta san ruwan ya canza. Amma duk Sallah mai masana'anta yana aiko wa matan layin da yadi, har da buhun ƙyallaye na ɗinka wa yara. Wa zai ci tuwon mutum ya ce miyarsa ba gishiri?

Ana cikin damina sai ga masu bincike sun zo duba yadda masana'antar ke zaune da maƙwabtanta. Ashe an ji ƙishin-ƙishin zuwansu, an tsayar da rini. Ranar kwata fes, agwagi farare tas.

"Yau ba biki ke nan," in ji Asabe.

Wata matashiya cikin masu binciken, Hafsat, ta yi sallama gidan Harira tana kakkaɓe yayyafi daga mayafinta. Bayan an gaisa ta ce, "Hajiya, ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara," in ji Harira, kamar yadda kowa ke amsa gaisuwar damina.

Hafsat ta ɗago kai. "Ya yi gyara? Madalla! Ba ku da wata damuwa da shi ke nan?"

A nan Harira ta gane ba gaisuwa ba ce, rijiya ake nufi. Ta buɗe baki za ta gyara zance, sai idonta ya faɗa kan zanen da ke jikinta, na kyautar Sallah. Ga kuma manajan masana'antar tsaye a bakin ƙofa yana murmushi.

"Alhamdu lillahi," ta ce.

Baƙi suka tafi. Kafin motarsu ta kai unguwar Kawo, kwata ta koma shuɗiya.

Ba a fita daminar ba agwagi suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Aka ce annoba ce. Sai ƙuraje suka feso wa Aziza, aka ce ƙyanda ce, aka yi jiƙe-jiƙe, da ruwan rijiyar nan dai. Ranar da ta tashi fuska da ƙafafu a kumbure, ba ta ko iya fitsari, aka kwashe ta sai asibiti a cikin gari.

Likita ya sa aka kawo ruwan gidan aka gwada. Ya ce wannan ko wanki bai kamata a yi da shi ba, balle a ba yarinya. Ƙodarta ta taɓu.

Harira ta yafa mayafi, ta nufi masana'anta, ta faɗa ofishin manaja ko sallama ba ta yi ba. Manaja ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce a hankali, "Haba Maman Aziza. Ai a gabana aka tambaye ki. Ke da bakinki kika ce ruwa ya yi gyara."

Ta juyo gida tana kuka a kan titi, da zanensu a jikinta.

Aziza ta rayu, amma har yanzu asibiti ya zama gidanta na biyu, 'yan ajinsu sun wuce sun bar ta. Rijiyar kuwa Rilwanu da kansa ya cike ta da ƙasa.

Iyaye mata 'yan'uwana, masana'anta a unguwa alheri ce, 'ya'yanmu ke samun aiki a ciki. Amma mu ne a bakin rijiya, mu ke fara ganin abin da ya canza. In ruwa ya sake launi, ko wari, ko ɗanɗano, ki janye shi daga bakin yaranki a ranar, ki kai ƙara, ki kuma sake kaiwa. Kada kara ko kyautar yadi ta ɗaure miki harshe. Yadi yana ƙarewa a sake wani, ƙodar ɗanki kuwa ba a sayar da ita a Kasuwar Barci.