Maginiyar Randa da Masu Neman Ruwan Sanyi

Ke 'yar nan, tun da kika ce mini kin fara biyan kuɗi don kayanki su riƙa fitowa in mutane sun yi bincike a waya, hankalina bai kwanta ba. Ni karatuna bai yi nisa ba, amma ki saurari wannan misalin, ki ɗauki abin da zai amfane ki.

An yi wata mata maginiyar tukwane a wani gari na bakin fadama, wadda ta gaji sana'ar a hannun mahaifiyarta. Ta taso ne lokacin da ba a kai amarya ɗakinta sai da sabuwar randa, lokacin da kowane gida za ka tarar da randa a inuwa, an kife mata faifai, moɗa a kai, ruwanta na ƙamshin ƙasa, sanyinsa har cikin haƙori. A wancan zamani, ran kasuwa tun kafin la'asar sun sayar sun kama hanyar gida. Sai roba ta shigo, firij ya biyo baya, aka daina waiwayar yumɓu. Randunan da ta gina suka yi layi a bayan ɗaki, kaji na ƙwai a cikinsu, ramin da take gasa su kuwa har ciyawa ta tsiro a ciki. Mijinta ya ce gara a cike ramin a shuka kuɓewa. Ta roƙe shi ya yi mata haƙuri zuwa faɗuwar damina, in ba ta sayar ba, da hannunta za ta zuba ƙasar farko. Ana haka wata maƙwabciyarta mai sayar da atamfa ta waya ta nuna mata yadda ake yi: ki zaɓi kalmomi, duk wanda ya rubuta su yana nema sai tallanki ya fito masa, in ya taɓa shi a cire miki kuɗi. Maginiya ta zaɓi waɗanda ke mata daɗi a zuciya, ta sa tukwanen gargajiya, aikin hannu, gadon iyaye. Aka yi ta taɓawa kuwa, kuɗinta na zurarewa kamar ruwa a kwando. Amma su wa ke zuwa? Ɗalibai masu neman hoto su sa a aikin makaranta, sai masu shirya biki da ke son aron tulu guda su yi ado da shi su mayar. Mai saye ko ɗaya.

Cikin tsakiyar bazara ta tafi birni wajen suna, 'yar yayarta ce ta haihu. Zafi kamar ana gashi, an ɗauke wuta tun jiya, firij ya zama akwati. Aka kawo wa baƙi ruwa a jarka, wata ta kurɓa ta yamutsa fuska ta ce, "Maijego, wannan na sha ne, ko na wankanki aka rago mana?" Mata suka kwashe da dariya. Kunya ta kama uwar mijin maijego, ta jawo waya ta kai baki, ta ce da wayar a hankali, "Yadda ake sanyaya ruwa in babu wuta." Maginiya na gefen tabarma, ta ji abin da ta ce. Ga mace na neman abin da ke jibge a bayan ɗakinta, amma ba ta ce randa ba, ba ta ce gargajiya ba, damuwarta kawai ta faɗa. Nan ta tuna mahaifiyarta, Allah ya jiƙanta, wadda ba ta kwaɓa yumɓu sai ta zauna bakin rijiya ta ji abin da mata ke kuka da shi. In ta ji ana cewa tuwo na kamawa, sai ta gina tukunya mai kaurin gindi. In ta ji ana kukan ƙadangaru na faɗawa ruwa, sai ta yi wa randa murfi. Ita kuwa duk tsawon shekarun nan ta ɗauka son hira ne kawai irin na tsohuwa.

Da ta koma gida ta buɗe wurin bincike, ta rubuta "ruwan sanyi", ta dakata, ta bar wayar ta ƙarasa mata da abin da jama'a suka saba rubutawa. Sai ga su suna zubowa: ruwan sanyi ba firij, ruwan sanyi na buɗa-baki, abin sanyaya ruwa da ba ya cin wuta. Ashe bakin rijiyar ne ya koma cikin waya, ita ce ba ta je ta zauna ba. Ta cire kalmominta ta sa nasu. Masu taɓa tallan suka ragu, amma duk wanda ya taɓa da ƙishirwarsa ya zo. Kafin ruwan farko ya sauka bayan ɗaki ya zama fili, mijin da kansa ya ɗauko kara ya tara mata a bakin ramin. Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai: masu kiranta ba sa cewa randa, sai dai, "Inna, kina da abin nan mai sanyaya ruwa?" Sai ta ce akwai.

To ke ma, kafin ki ƙara sa ko sisi, ki je ki ji da wane baki masu nema ke nema. Kayanki dai kin san su, amma abin da ke damun mai saye sai daga bakinsa. Hausawa suka ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.