Awarwaron Kofur Tanimu

Tun da aka daina gwada sojoji da gudu, awarwaro ake ɗaura musu a hannu. Kore ne awarwaron, amma wanda zuciyarsa ta buga da ƙarfi, nasa ya yi ja, a sallame shi daga aiki. Na Kofur Tanimu bai taɓa yin ja ba.

Da yamma ya biya wajen Iya Kande sayen ƙosai. Ta riƙe hannunsa.

"Tanimu, sai haƙuri. Abokinka Saje Bawa ya rasu ɗazu."

"Allah ya jiƙansa," in ji shi. "Ƙara mini yaji, Iya."

Yana shiga gida 'yarsa Ladidi ta rugo ta rungume ƙafarsa. "Baba oyoyo!"

Ya tsaya, ya ƙura wa awarwaron ido yana jira. Yana nan kore shar.