Kwarin Cikin Gilashi

Auta na tankaɗe ƙasa da rariyar shayi a kan wani tudu da bai fi tafin hannu ba, tana hure wadda ta sauka a kan rufin gidaje. Ƙasar ta gaske ce, daga bayan gidansu ta ɗebo ta a leda. Sana'arta ke nan, ta ƙanƙance tsauni da kogi da gari su zauna a kan tebur. Makarantu da gidajen tarihi ne ke ba ta aiki, amma wannan karon aikin na gida ne.

Yayanta ne ya kawo shawarar. Tun da ciwon ƙafa ya kwantar da mahaifiyarsu ya ɗauko ta daga kwarin da aka haife su ya dawo da ita gidansa a birni, ita kuwa ba ta da zance sai na gida. Ya ce tunda Mama ba za ta iya zuwa kwari ba, a kawo mata kwarin har ɗakinta. Auta har da ƙwalla. Mutumin da sai an yi ta buga masa waya kafin ya ɗauka, ashe aikin ofishin nan nasa da ba wanda ya gane kansa bai cinye masa zuciya duka ba.

Matsalar ɗaya ce, kwarin ba shi da taswirar kirki, mutanensa kuma ba sa ƙaunar ganin tef ɗin awo. Wani kamfani ya daɗe da sa wa wurin ido, kuma kowa ya san in aka yarda aka auna, tashi ne zai biyo baya. Duk baƙon da ya shigo da na'ura korar kare suke yi masa. Na ƙarshe da takalmi ɗaya ya koma mota.

Amma Auta ba baƙuwa ba ce. Da ta ce don Mama ne, sai ƙofofi suka buɗe. Ta bi gida-gida da tef da dogon tiyo mai ruwa irin na magina, tana gwada tsayin kowane dandamali daga bakin kogi. Tsohon maƙerin da ya jagoranci korar masu awo shi da kansa ya riƙe mata bakin tiyon, yana tsokanarta wai ta rage masa tumbi in za ta sassaƙa shi.

“Ke tamu ce,” ya ce mata. “Auna har ƙarƙashin gadona in kina so.”

Ta dawo ta duƙufa. Ta yanka farin soson kwalin firiji hawa-hawa ta yi tsaunuka, ta shafe su da filasta, ta rina garin katako ta yi ciyawa, ta murɗa wayar wuta ta yi itatuwa. Har igiyar shanyar Mama ta ɗaura da zare.

Yaya kan leƙo, ya ɗaga mata hankali ya tafi. Launin ƙofofin da ta sha wahala a kai ko kallo bai ishe shi ba, shi dai tsayi. Ya sa ta koma ta sake auna mashigin nan tsakanin duwatsu biyu inda kogin ke ficewa, wai Mama ta san wurin kamar yunwar cikinta. Ya ce a kewaye aikin da gilashi, a liƙe kusurwoyin da gam ɗin akwatin kifi, a kuma shafe komai da banish mai kauri. Nan suka yi sa-in-sa, don banish na kashe ciyawa, ya mayar da ita kamar roba. Ya ce jikoki ne a gidan, da jiƙaƙƙen tsumma za a riƙa gogewa. Ta yi, tana ƙunƙuni.

Ranar da ta gama ya aiko mota aka ɗauka. Ta zauna jiran wayar Mama, shiru. Washegari ta kasa haƙuri ta tafi da kanta, ta tarar da tsohuwar a kan gado, gefenta ba komai sai magunguna. Da ta tambaye ta ko ta ga kwarin, Mama ta ce wane kwari? Matar Yaya ce ta ce ai ofis aka wuce da shi, za a nuna wa baƙi.

A hanya Auta ta yi ta ba shi uzuri. Wataƙila alfahari yake da ita, yana nema mata masu ba da aiki. Sakatariyarsa ta gane ƙanwar oga, ta nuna mata ɗakin taro. Ƙofar ba a rufe take duka ba.

Ta leƙa, mutane masu kwat sun kewaye teburin da aka ɗora kwarin nata a kai. A mashigin duwatsun nan an cusa wani ɗan bango mai launin siminti da ba ita ta yi ba, ya zauna daram. Yaya ya naɗe hannun riga, ya ɗauki jug ɗin ruwa mai shuɗi ya fara zubawa a hankali. Ruwan ya cinye maƙera, ya haye dandamalin gidansu, bai yi yoyo ko ɗigo ba. 

“Iya nan tafkin dam ɗinmu zai tsaya,” in ji Yaya, yana murmushi. “Kada ku ji shakkar awon, ƙanwata na tura, su da kansu suka riƙe mata tiyon.”