Faranti Mai Kama Rana

"Yau ma ya tsaya!"

Maigida ya ruga bakin tafkin kifinsa da ke bayan gida. Famfon sola mai juya ruwan ya yi tsit, kifaye sun taso sama suna buɗe baki. Ga rana kuwa ta take, kamar ta fasa kai.

Ya kira mai haɗa sola a waya, ya wanke shi tas. "Jabu ka sayar mini! Wane irin sola ne ke barci da rana tsaka?"

"Ranka ya daɗe, leƙa farantin tukuna."

Ya zagaya bayan akurkin kaji inda aka kafa farantin da ke bai wa famfon wuta, yana huci. Sai ya ja ya tsaya. Jan barkono ne shanye a kan gilashin, ba masaka tsinke. Mahaifiyarsa na zaune a gefe da tsumagiya tana korar kaji.

"Inna! Mene ne haka?"

"Au, ba kai ka ce ka sayo faranti mai kama rana ba? Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Ka ƙaro biyu, kuɓewa na jiran layi."