Ƙusar da Ta Ƙi Shiga

Ga misali ga duk mai cewa shi kaɗai ya ishi kansa.

An yi wani kafinta, gwanin rufi ne na gaske. In ya kanne ido ɗaya ya bi katako da kallo, nan take ya san inda doronsa yake, kuma kullum doron nan sama yake juya shi, don in nauyin kwano ya hau ya miƙar da shi. Yana da ƙane guda, bahago, tare suka koyi sana'ar a hannun babansu. Wata rana suna kan wani gini, ƙanen ya yanke bakin rafta, katakon nan da ke gangarowa daga ƙololuwar rufi zuwa bango, bakin ya ɗan karkace. Sai wan ya ɗaga ta sama a gaban leburori ya ce, "Jama'a, ku zo ku ga aikin hagu!" Aka kwashe da dariya. Ƙanen ya sauko daga tsani, ya ɗauki zartonsa da gudumarsa, ya koma bakin kasuwa ya kafa rumfarsa. Tun daga ranar, ko a masallaci suka haɗu sai kowa ya nemi wani sahun.

Ana nan, sai iskar farkon damina ta yaye rufin ɗakin innarsu, ta watsa kwanon a gonar maƙwabta. Tsohuwa ta koma zaure da gadonta, ga tari na damunta, zauren kuma yoyo yake. Ɗakin ginin ƙasa ne, in ruwa ya same shi a buɗe bangon ma zubewa zai yi. Da yake ba ta faɗin sunan ɗan fari, sai ta ce, "Kai wannan, ka aika a kira maka Auta mana." Ya ce, "Haba Inna, ɗaki ɗaya tak? Ni da na rufa makaranta sukutum." Ta ce, "Uhm. Allah ya ba da sa'a."

Aikin ƙasa kam ya tafi kamar wasa. Ya auna, ya yanke, ya shafe katakon da baƙin mai saboda gara. Ya shimfiɗa na kan bango ya ɗaure shi da ƙarfe tamau, don kada iska ta sake samun dama. Har dogon katakon nan na ƙololuwa, wanda raftoci ke haɗuwa a jikinsa, shi kaɗai ya ja shi sama da igiya ta reshen darbejiya, yana yi yana satar kallon zaure ko Inna na gani. Sai da ya zo kafa rafta a jikinsa aikin ya tsaya cak. Ya saita ƙusa, ya sauke guduma, katako ya yi baya ya dawo, ƙusa ta lanƙwashe. Ya zare ta ya sa wata, ita ma haka. Ya ƙara ƙarfi, guduma ta zame ta sami babban yatsansa, bakin raftar kuma ya fara tsagewa. Wani maƙwabci ya ji tausayinsa ya hau ya kama masa, jiri ya kwashe shi, da salati ya sauko.

Kafinta ya zauna a kan bango yana tsotsar yatsa. Ya san dalili sarai. Babansu ya sha faɗa musu cewa katakon da ke lilo a sama ba ya cin ƙusa, sai wani ya tokare bayansa da babbar guduma, daidai inda ƙusar za ta ɓullo. Shekara da shekaru yana buga ƙusa tana shigewa kamar cikin sabulu, yana zaton ƙarfin hannunsa ne, ashe akwai mai tokarewa a ɗaya gefen, bai taɓa ɗaga kai ya dube shi ba. Ya waiga gabas, hadari ya yi baƙi ƙirin. Ya duba ƙasa, ga Inna tana jan buhunan leda tana lulluɓe gadonta, tana tari.

Ya sauko ya nufi kasuwa. A bakin rumfar ƙanen ya tsaya, duk maganar da ya tsara a hanya ta gudu, abin da ya fito kawai shi ne, "Ƙusa ta ƙi shiga." Ƙanen ya kalli yatsan da ya kumbura ya ce, "Da hannun daman ma, Yaya?" Ya ce, "Da shi fa." Ƙanen ya sa hannu ƙarƙashin benci ya jawo jakarsa. Ashe tun safe babbar gudumar na ciki, kira kawai yake jira.

Suka hau. Wannan ya tokare, wancan ya buga, ƙusa ta shige har kai. Da suka zo lungun da ya matse da katangar maƙwabta, inda hannun dama ba shi da filin lilo, wan ya matsa gefe, ya ɗaga murya yadda na ƙasa za su ji ya ce, "Auta, nan sai kai." Suna kafa kwanon ƙarshe yayyafi na sauka a bayansu.

Ruwa ya kece, Inna na zaune a kan gadonta cikin ɗakinta, ko ɗigo babu. Ta zuba musu tuwo a akushi ɗaya, ba ta tambayi kowa komai ba. Suka zauna suna ci, ɗaya da yatsa a naɗe, suna gardamar wanda ya bar ƙusoshi a kan rufi.

Shi ya sa masu iya magana suka ce, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.