Madannin Mai Ɗanɗano

Mai ɗanɗanon kofi ya ɗaga madannin da yatsu biyu, kamar wanda ya tsinci mataccen ɓera.

"Wannan kuma fa?"

"Da shi nake danne garin kofi kafin in ɗaura a inji," in ji mai shagon. "Yayata ce ta ƙera. Ga ta can."

Yayar tana zaune kusa da ƙofa, tafin hannunta duk ya yi kanta saboda aikin walda. Daga fistan ɗin mataccen babur ta yanko gindin madannin, ta kwana uku tana goge shi har ya yi sumul. Mariƙin kuwa kan tsohon famfo ne na tagulla.

Wani babban otal ne ya aiko mutumin. Da bakinsa za a ba ƙaninta wurin sayar da kofi a harabar otal ɗin, da bakinsa za a hana shi.

"Da kayan juji za ka shayar da manyan baƙi?" Ya yatsine fuska. "Ni ko ido a rufe na taɓa ƙarfen juji, na gane shi."

Ya zaro nasa daga 'yar jakar karammiski, yana ta ƙyalli, da rubutun ƙasar waje a jiki. Wani babban kanti ne, in ji shi, ya yo masa odarsa musamman. Ya miƙa mata.

"Riƙe, baiwar Allah, ki ji aikin waɗanda suka yi karatu."

Ta jujjuya shi, ta bi ƙasan mariƙin da babban yatsa, ta mayar masa.

Ya danne garin da kansa da madannin nasa, yana wani karkata kai. Kofin ya tsiyayo ta gefe guda, tsararo, ba kumfa. Ya ce injin ne. Ya sake, ya ce ruwan ne. Wanda mai shagon ya haɗa da madannin yayarsa kuwa, mai kauri da ƙamshi, ko kallonsa bai yi ba. Ya ce su manta da maganar otal, ya fice.

Mai shagon ya zube a kujera. "Haba Yaya! Ya ci mutuncinki, ya tafi da abincinmu, ko tari ba ki yi ba?"

Ta taɓe baki, ta kurɓi kofin da aka bari.

Ta ce, "Gobe ni zan je wurin mai otal ɗin da kaina. Madannin nasa ma ai ni na ƙera wa kantin nan, daga ƙafar karyayyen gado. Gindinsa ne ya karkace, na ce su jefar."